Yadda ake lissafa lotsewar bututun mai a ƙarƙashin teku, da abin da ya shafi mazauna Duwala a ciki

Duk wanda ya yi damina a New Bell ya san injin zuƙar ruwa. Daga Yuli zuwa Satumba, idan ruwan sama ya kwana yana zuba a Duwala, magudanai kan cika su tumbatsa, ruwa ya shiga shaguna da tsakar gidaje, sai a fito da injin. Tiyo biyu gare shi, kuma ba iri ɗaya ba ne. Wanda ke fitar da ruwa mai laushi ne, ana naɗe shi kamar tabarma. Wanda ke zuƙa kuwa mai tauri ne, da waya ko roba mai ƙarfi a murɗe a jikinsa kamar zobba. Haka ma tiyon motocin kwasar masai yake. Idan aka sa mai laushin a bakin zuƙa, da an tayar da injin zai shafe ya manne, ko ɗigo ba zai wuce ba.

Iskar da ke kewaye da mu ce ke manne shi. Da injin ya rage matsin cikin tiyon, sai matsin iskar waje ya rinjaya, ya danne shi. Wannan matsi bai wuce abin da masana ke kira bar ɗaya ba, wato kimanin nauyin kilo ɗaya a kan kowace santimita murabba'i, fili kamar faɗin farce.

A ƙarƙashin teku, inda ake shimfiɗa bututan mai da iskar gas, matsin yana iya ninkuwa sau ɗari ko fiye. Shi ya sa injiniyoyi suka shafe shekaru a kan tambaya ɗaya: a wane matsi ne bututu mai lanƙwasuwa zai lotsa? Ba a jira a ga amsar a teku, dole a lissafa ta tun kafin a ƙera bututun. Abin da binciken ya tabbatar kuwa shi ne, lissafin da ya ɗauka cewa bututu lafiyarsa ƙalau, zagayayye sumul, yana yaudarar mai shi. Lissafin da ake dogaro da shi shi ne wanda ya ɗauki bututun tare da aibinsa.

Abin da ke gaban gaɓar Kamaru

Kamaru ta fara fitar da ɗanyen mai a 1977 daga yankin Rio del Rey da ke teku kusa da iyakar Najeriya, kuma har yau mafi yawan man ƙasar daga ƙarƙashin ruwa yake fitowa. Kamfanin gwamnati na SNH, wanda aka kafa a 1980, shi ke riƙe da kason ƙasa, kamfanoni irin su Perenco kuma su ke gudanar da rijiyoyin. Duwala ce cibiyar wannan aiki: a nan ofisoshi da kayan gyara suke, daga nan kuma ma'aikata ke tashi zuwa teku.

A kudu, a Kribi, nan ne bututun Cadi da Kamaru ya ƙare. Tsawonsa kilomita 1,070 ne, ya taso daga filayen mai na yankin Doba, ya kuma fara aiki a 2003. Bai tsaya a bakin gaɓa ba. Ya ci gaba a ƙarƙashin ruwa kimanin kilomita 11 zuwa wani katafaren jirgin ajiya mai suna Kome-Kribi 1, inda jiragen dakon mai ke zuwa su yi lodi. A wannan yanki ne kuma jirgin Hilli Episeyo ya fara sanyaya iskar gas a 2018 har ta zama ruwa don a fitar da ita waje. Iskar da ake haƙowa daga filin Sanaga ta Kudu tana bi ta matatar Bipaga, wadda ke ciyar da tashar lantarki ta Kribi mai ƙarfin megawat 216, ke kuma samar da wani kaso na gas ɗin girki da ake ɗurawa a tukwane.

Jirgi ba ya tsayawa cik. Igiyar ruwa tana ɗaga shi ta sauke, iska tana juya shi. Don haka duk inda za a haɗa ƙasan teku da abin da ke shawagi, ko a haɗa jirgi da jirgi, sai an sa abin da ke jure motsi. Akwai manyan tiyo na roba da ake lodi da su a saman ruwa. Akwai kuma bututu mai hawa-hawa na ƙarfe da roba, wanda hawansa ke zamewa a kan juna idan ya lanƙwasa. Wannan na biyun shi ake turawa ruwa mai zurfi, kuma shi ne batun wannan bayani.

Filayen Kamaru ba su da zurfi sosai, mafi yawansu ba su kai mita 100 ba. Amma a cikin wannan Mashigin Gini ɗin, a ɓangaren Najeriya, filin Bonga da ya fara aiki a 2005 yana cikin ruwa mai zurfin sama da mita 1,000. Agbami, wanda ya fara a 2008 kuma aka haɗa rijiyoyinsa da jirginsa da irin waɗannan bututai, ya kusa mita 1,500. A Brazil, ƙasar da ta fi kowa amfani da su, an wuce mita 2,000.

Yadda aka gina bututun

Tushen dabarar ya koma Yaƙin Duniya na Biyu. A 1944 Ingila ta shimfiɗa bututun dalma da aka naɗe da ƙarfe a ƙarƙashin mashigin da ya raba ta da Faransa, don kai wa sojojin ƙawance fetur. Tun a lokacin an gane matsalar: sai da aka cika bututun da ruwa mai matsi yayin shimfiɗa shi don kada ya loɓa. Bututun zamani kuwa ya fito ne daga binciken Cibiyar Man Fetur ta Faransa, wadda ta haifar da kamfanin Coflexip a farkon shekarun 1970. Ɗaya daga cikin wuraren farko da aka yi amfani da shi filin Emeraude ne, a tekun Kongo Barazabil. Yau masana'antun da ke ƙera shi ba su da yawa a duniya, daga cikinsu akwai na Le Trait a Faransa, Kalundborg a Denmark da Newcastle a Ingila.

Idan aka yanka bututun, za a ga hawa biyar manya, daga ciki zuwa waje.

Na farko shi ne ƙwarangwal. Doguwar faffaɗar ƙarfe ce da ba ta tsatsa, an lanƙwashe gefunanta kamar harafin S, an murɗa ta, kowane zagaye ya saƙale da na kusa da shi. Duk wanda ya taɓa riƙe tiyon wanka na ƙarfe da ake sayarwa a shagunan kayan famfo ya riƙe ƙanensa. Ƙwarangwal ba ya tare ruwa ko mai. Aikinsa ɗaya ne: ya hana bututun lotsewa.

Na biyu rigar ciki ce, ta roba mai kauri, wadda ke riƙe mai ko gas kada ya fita. Ɗaya daga cikin robobin da ake amfani da su daga man zurma ake yin ta. Na uku sulken matsi ne, wayoyin ƙarfe masu siffar harafin Z da aka naɗa kusan a zagaye, su ke hana bututun fashewa idan mai ya taso da ƙarfi daga rijiya. Na huɗu sulken ja ne, hawa biyu na faffaɗan wayoyi da aka murɗa ɗaya dama ɗaya hagu kamar tufkar igiya, su ke ɗaukar nauyin bututun idan yana rataye a jikin jirgi. Na biyar rigar waje ce, ita ma ta roba, mai hana ruwan teku shiga.

Sararin da ke tsakanin rigar ciki da rigar waje, inda sulkunan suke, shi za mu kira ratar tsakiya. A riƙe wannan suna, domin rabin labarin a can yake.

Nauyin ruwa da lissafin zobe

Ruwan teku yana ƙara kimanin bar ɗaya a kowace mita 10 ta zurfi. A mita 30, bar uku ke nan, ya ɗan fi iskar da ake bugawa a tayar ƙaramar mota. A mita 1,000 kuwa bar 100 ne, kamar a ɗora buhu biyu na siminti a kan kowane farce. Mita ɗaya kacal ta bututu mai faɗin santimita 25 tana fuskantar dannar da jimillarta ta kusa tan 800, daga kowane ɓangare. Duniya ta ga abin da irin wannan matsi ke yi a watan Yunin 2023, lokacin da ƙaramin jirgin nutso mai suna Titan ya murƙushe a hanyarsa ta zuwa ɓaraguzan Titanic, waɗanda ke zurfin kimanin mita 3,800, mutum biyar suka rasu nan take.

Muddin bututu yana cike da mai mai matsi, cikin yana tura wajen, ana kunnen doki. Haɗarin yana zuwa ne idan cikin ya zama fanko: lokacin da ake shimfiɗa shi, ko idan an tsayar da aiki an saki matsin, ko idan iskar gas yake ɗauka wadda ba ta da nauyi. Masu haƙar rijiyar burtsatse a Duwala sun san wannan. Idan aka zuƙe ruwan cikin bututun roba na rijiya da sauri alhali ruwan ƙasa yana danna shi daga waje, bututu mai siririn bango yana iya shafewa, rijiyar ta lalace.

Fashewa da lotsewa ba hali ɗaya gare su ba. Matsin ciki yana ƙara zagaye bututu, ko da ya ɗan karkace zai miƙar da shi. Matsin waje kuwa yana neman inda ya ɗan baje ne ya ƙara baje shi. Misalinsa karan dawa: idan aka danna shi daga kai da gindi, ba niƙewa yake yi ba, yana tsaye har sai dannar ta kai wani mizani, sai ya goce gefe farat ɗaya. Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya fitar da lissafin wannan gocewa a 1744. A ƙarni na 19 Faransawa biyu, Bresse da Lévy, suka kai lissafin kan zobe, wanda shi ne siffar bututu idan an yanka shi.

Abin da lissafin zobe ya nuna yana da ban mamaki. Ƙarfin bututu ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kaurin bangonsa. Idan aka ninka kaurin sau biyu, ƙarfin yana ninkuwa sau takwas, wato biyu sau biyu sau biyu. Idan kuma aka ninka faɗin bututun sau biyu aka bar kaurin yadda yake, ƙarfin yana komawa kashi ɗaya cikin takwas.

A ɗauki bututun ƙarfe zalla mai faɗin milimita 200 da bango mai kaurin milimita 5, zagayayye ba aibi. Lissafi ya ce zai lotsa a wajen bar 69, kusan zurfin mita 700. Idan tsatsa ko gogayya ta cinye milimita ɗaya tak daga bangon, ya koma 4, amsar tana faɗowa zuwa bar 35. Milimita ɗaya ta tafi da rabin ƙarfin.

Sai kuma batun siffa. Babu bututun da ke fitowa daga masana'anta a cikakkiyar da'ira, kowanne yana da ɗan kamannin ƙwai. Stephen Timoshenko, injiniyan da aka haifa a Yukiren ya kuma yi aiki a Amurka, ya nuna yadda ake sa wannan karkata a lissafi. A koma ga bututunmu mai bangon milimita 5. Idan faɗinsa ta wani ɓangare 202 ne, ta ɗaya ɓangaren kuma 198, bambancin da ido ba zai lura da shi ba, ƙarfe mai matsakaicin ƙarfi zai fara sarewa a wajen bar 40 maimakon 69. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido. Saboda haka ƙa'idojin Cibiyar Man Fetur ta Amurka, waɗanda aka sani da API 17J da API 17B kuma masana'antar ke bi a duniya, suka buƙaci a sa karkatar a lissafi ko da ba a auna ta ba, aƙalla kashi 0.2 cikin 100. A bututu mai faɗin milimita 200, wannan bai kai milimita ɗaya ba.

Idan rigar waje ta yage

Injiniyoyi sun raba lotsewa gida biyu, busasshiya da jiƙaƙƙiya.

A busasshiyar, rigar waje tana nan lafiya, ratar tsakiya babu ruwa. Teku yana danna rigar waje, ita kuma ta miƙa nauyin ga sulkuna, sulken matsi da ƙwarangwal su taru su ɗauka tare. A wannan hali bututun yana da ƙarfi ƙwarai.

Amma rigar waje roba ce, kuma ita ce a fili. Tana iya yagewa lokacin saukar da bututun daga jirgi, ko ta goge a jikin ƙarfe, ko anga ko wani abu da ya faɗo ya huda ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da ruwan teku ya cika ratar tsakiya, sai ya ratsa tsakanin wayoyin sulke ya je ya danna rigar ciki kai tsaye. Sulken matsi, duk da ƙarfinsa, ruwa ya kewaye shi ciki da waje, ba ya ɗaukar nauyin. An bar ƙwarangwal shi kaɗai da teku. Wannan ita ce jiƙaƙƙiyar lotsewa, kuma matsin da ke haddasa ta ya yi ƙasa da na busasshiya. Da ita ake yanke hukuncin zurfin da bututu zai iya zuwa.

Duk da haka sulken matsi bai zama ɗan kallo ba. Yana nan a kewaye kamar katanga. Zobe idan zai lotsa yakan so ya baje, ya shiga ta sama da ƙasa ya bulla ta gefe biyu. Idan katangar ba ta da ƙarfi, ko ta bar masa wuri, yakan ƙare da siffar lamba 8, kamar gyaɗa mai ƙwaya biyu a cikin ɓawonta. Idan katangar ta tsaya ƙyam ta hana shi bullowa, sai ya jure har matsi mai yawa, daga nan gefe ɗaya ya faɗa ciki, ya ba da abin da ake kira siffar zuciya, mai kama da ƙwayar wake. Sanin wace siffa za ta riga faruwa yana cikin manyan ayyukan mai lissafi, domin kowace da matsinta. Kuma ɗan gibin da ke tsakanin rigar ciki da sulken, ko da bai kai milimita ba, yana iya sauya amsar sosai, tun da shi ke nuna yaushe katangar za ta fara taimakawa.

Takarda, kwamfuta da tukunyar gwaji

Matsalar ita ce ƙwarangwal ba bango ne sumul ba irin na lissafin Bresse da Timoshenko. Ƙarfe ne lanƙwasasshe, mai saƙale-saƙale da gibba. Hanyoyi uku ake bi a shawo kan wannan.

Ta farko ita ce a musanya ƙwarangwal da wani zobe na tunani, mai bango sumul, wanda ake ganin ƙarfinsa daidai yake da na ainihin. Daga nan sai a yi amfani da tsohon lissafi. Hanyar tana da sauri, ana iya gwada ƙira ɗari a yini guda. Rauninta shi ne zaɓen kaurin zoben. Wasu suna daidaita shi da yawan ƙarfen, wasu da taurin lanƙwasa, wasu da ƙarfin da yake sha kafin ya sare, kuma amsoshin ba sa zuwa ɗaya. Tun da an ga abin da milimita ɗaya ke yi, ƙaramin kuskure a nan babba ne a can.

Ta biyu ita ce a zana ƙwarangwal a kwamfuta da ainihin siffarsa, a gutsuttsura shi zuwa dubban ƙananan yankuna, a gaya wa kwamfutar halin kowane yanki da yadda yake gogar maƙwabcinsa, sa'an nan a riƙa ƙara matsi kaɗan-kaɗan har zanen ya lotsa a kan allo. Manhajoji irin su Abaqus da Ansys ake yin wannan da su. Hanyar tana nuna inda ƙarfe zai fara sarewa da siffar da zai ɗauka, amma lissafi ɗaya yana iya cin sa'o'i ko kwanaki. Jami'o'in São Paulo da Rio de Janeiro a Brazil, Delft a Holan da Trondheim a Norway suna cikin wuraren da aka fi zurfafa wannan bincike.

Kwamfuta dai abin da aka ba ta take sarrafawa. Dole a faɗa mata karkatar bututun daga da'ira, wadda ke ƙaruwa idan ya daɗe a naɗe a kan ƙatuwar faifai ko idan na'urar da ke riƙe shi yayin saukarwa ta matse shi. Dole a faɗa mata gibin da ke tsakanin hawa da hawa. Dole a faɗa mata cewa ƙarfen ya sauya hali lokacin da aka lanƙwasa shi a masana'anta, kamar yadda kowane maƙeri ya san ƙarfen da aka sha bugawa ya fi tauri a wurin bugun. Dole kuma a faɗa mata ko bututun a miƙe yake ko a lanƙwashe, domin a inda ya sauko daga jirgi ya taɓa ƙasan teku, nan ne ya fi lanƙwasa, nan ne kuma ruwa ya fi zurfi. Lanƙwasa tana baje shi ta buɗe saƙale-saƙalen gefe ɗaya, ƙarfinsa ya ragu. Duk wanda aka manta a cikin waɗannan, amsar za ta fito da kyau a allo, ta fi gaskiya daɗi.

Ta uku ita ce gwaji na zahiri. A yanko 'yan mitoci na bututun, a toshe bakunansa, a huda rigar wajen da gangan, a saka shi a wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai cike da ruwa, a riƙa buga matsi har a ji ƙara ma'auni ya faɗi. Gwajin yana da tsada kuma yana lalata abin da aka gwada, don haka ba a yin sa da yawa. Amfaninsa shi ne ya zama alƙali: lissafin da bai dace da abin da tukunya ta nuna ba, gyara shi ake yi. Bayan duk wannan ma ana barin tazara. A ruwa mai zurfi, ƙa'idar ba ta yarda matsin da bututu zai fuskanta ya wuce kashi 85 cikin 100 na matsin lotsewarsa ba.

Rashin zurfi ba kariya ba ce

Mai karatu na iya cewa wannan matsalar Najeriya da Brazil ce, tun da ruwan Kamaru bai da zurfi. Gaskiya ne nauyin ruwa kaɗai ba shi ne babbar barazana a Rio del Rey ko Kribi ba. Amma akwai wata hanyar lotsewa da ba ruwanta da zurfi.

Roba ba ta tare iska ɗari bisa ɗari. A hankali, cikin watanni da shekaru, iskar gas da tururin ruwa suna ratsa rigar ciki su taru a ratar tsakiya. An tanadi ƙananan kafofi a bakin bututun don fitar da su. Idan kafofin suka toshe, iskar ta taru da matsi, sa'an nan aka saki matsin cikin bututun da gaggawa, sai iskar da ta maƙale ta danna rigar ciki da ƙwarangwal, kamar yadda teku zai yi. A tekun Norway an samu bututai da ƙwarangwal ɗinsu ya lotsa ta irin wannan hanya, musamman masu rigar ciki mai hawa fiye da ɗaya, inda iska ke ɓuya tsakanin hawa da hawa. Shi ya sa ake ƙayyade saurin da ma'aikaci zai bi wajen sauke matsi.

Ga kuma tsufa. Yashi da ke tafiya da mai yana goge ƙwarangwal daga ciki, ruwan da ya shiga rata yana cin wayoyin sulke. Lissafin da aka yi ranar da aka ƙera bututu na sabon bututu ne. Bayan shekara 20 sai an sake shi da ma'aunin abin da ya rage.

Abin da ke kan faifai

Bututun da ya lotsa yana toshewa, aiki ya tsaya, kuma rigar ciki tana iya tsagewa mai ya fita. Ba a sayen madadinsa a kasuwa, ƙera shi ake yi bisa oda, abin da ke ɗaukar watanni. Yankin ya riga ya ɗanɗana abin da yoyon layin mai ke jawowa, ko da sanadin daban ne. A watan Janairun 2007 mai ya malala a tashar lodi ta Kribi. A watan Disamban 2011, kimanin ganga dubu 40 suka tsiyaya a Bonga yayin da ake ɗura wa wani jirgin dako.

Ga mazauna New Bell da sauran unguwannin Hausawa na Duwala, wannan ba labarin nesa ba ne. Kifin da ake saukewa a Youpwé, ake gasawa ko a busar a tura Arewa, daga wannan ruwan yake, kuma dazukan bakin kogin Wouri inda kifi ke hayayyafa ba sa saurin warkewa idan mai ya shige su. Wutar da tela da mai injin niƙa ke jira, wani kasonta daga gas ɗin teku take. 'Yan uwa a Cadi kuma, kasafin ƙasarsu ya rataya ne a kan man da ke fita ta Kribi, kamar yadda Nijar ta fara dogara da bututunta mai kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Seme a Benin, wanda aka fara lodi daga gare shi a 2024.

Ba a buƙatar digiri kafin a yi tambaya mai ma'ana. Idan kamfani ya kira taron jin ra'ayin jama'a kan wani aiki a teku, ɗan jarida, kansila ko shugaban ƙungiyar masunta yana iya tambaya: lissafin bututun ya ɗauka cewa rigar waje ta yage kuma cikin fanko ne? An gwada samfurinsa a tukunyar matsi, a miƙe ko a lanƙwashe? Yaushe aka auna ratar tsakiya a ga ko ruwa ya shiga? Shekara nawa aka ƙera shi ya yi, kuma nawa ya yi yanzu? Kamfanin da ke kula da kayansa yana da waɗannan amsoshi a rubuce.

Ga matasa kuma akwai ƙofa. Wannan aiki lissafi ne da ilimin ƙarfin kayan gini da iya sarrafa kwamfuta, darussan da ake koyarwa a babbar makarantar injiniya ta Jami'ar Duwala, da makarantar ma'adinai da man fetur ta Jami'ar Marwa da ke Kaélé, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Mafi yawan lissafin bututan da ke kwance a Mashigin Gini a Turai da Amurka aka yi shi. Bututan kuwa suna tsufa a nan, kuma kowannensu zai buƙaci wanda zai sake auna shi ya faɗi ko zai iya ƙara shekara biyar.